Inusa Mai Balangu da Bijimin Gidauniya

Marigayi Inusa mai balangu bai taɓa raba nama daidai ba, kuma bai taɓa cewa yana yi ba. In mutum biyu suka tsaya gaban teburinsa a unguwar Zariya ta Maraɗi da kuɗi iri ɗaya a hannu, sai ya ɗaga kai ya ƙare musu kallo tukuna, sannan wuƙa ta sauka. Ɗaya zai tafi da tsoka mai laushi da ɗan yankin hanta a kai. Ɗayan zai tafi da abin da zai yi ta tauna har ƙofar gidansu bai haɗiye ba. In wanda aka cuta ya yi ƙorafi, Inusa ba ya musu. Yakan ce shi mutum ne, ba sikeli ba, mai son sikeli ya tafi wurin masu sayar da ƙusa.

Dokokinsa ba na sirri ba ne, duk unguwa ta haddace su. Wanda ya yi sallama ya tambayi iyali ya tsira. Tsoho marar haƙori yana da rabonsa a wuri mai taushi, mace mai ciki kuwa in ta aiko, sai an sa mata hanta ko ba ta ce ba. Amma wanda ya nuna nama da makullin mota, ko ya zo yana magana a salula yana yi wa Inusa ishara da yatsa, ko ya danna tsoka ya tambaya ko ta yau ce, wannan ya haɗu da jijiya da guringuntsi, kuma ba na ranar kaɗai ba. Akwai wani ma'aikaci da ya ce masa "kai mai nama" tun yana saurayi. Har ya ajiye aiki ya yi furfura bai ga hanta a ƙunshinsa ba.

A ƙauyen Jiratawa, kusa da Maraɗi, aka haife shi, a gidan mahauta. Mahaifinsa mutum ne mai tsoron Allah, wanda in ya kasa nama ranar kasuwa sai ya zagaya kashin yana ɗauke ƙwayar kitse daga nan yana sawa can. Inusa ya gaji wuƙar, bai gaji halin ba. Yayarsa Tsahara, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, takan ce tun yana goye yake da wanda yake yi wa dariya da wanda yake yi wa fitsari. Dukan farko da ya sha a sana'a, ƙodar rago ce ya ɗauke daga teburin uban ya ba wata yarinya mai tallar dafaffiyar zogala. Yarinyar ita ce Maijidda, wadda ya aura daga baya, suka yi zaman da ba wanda ya taɓa jin kansu sai a kan yaji.

Ya shigo Maraɗi lokacin da rabin Zariya gonakin gero ne. Ya kafa rabin tano, wato durom, da ragar ƙarfe a gindin wani dogon yaro, bai sake matsawa daga nan ba har titi ya zo ya same shi. Gashinsa ba na gaggawa ba ne. Itacen marke yake sawa, wuta ƙasa-ƙasa, ya lulluɓe naman da takardar buhun siminti da ya yayyafa wa ruwa, ya bar hayaƙi ya ratsa shi a hankali har kitse ya narke ya koma ciki. Yajinsa kuwa a ɗaki yake haɗawa ya rufe ƙofa. Saboda wannan ne mutane suka haƙura da halinsa, kamar yadda ake haƙuri da ƙudan zuma.

Abin da ya fi so a duniya ba cinikin yamma ba ne. Duk suna, duk biki, duk walimar saukar karatu da za a yi a unguwar, shi ake kira ya gasa, shi kuma yake tsayawa bayan tire ya raba. Wannan ita ce sarautarsa. 'Ya'yansa maza biyu ba wanda ya ɗauki wuƙa, ɗaya yana gyaran salula, ɗaya yana Agadas yana abin da ba a gane ba. Ba shi da gona, ba shi da aikin hajji. Abin da yake da shi shi ne wannan tsayuwar, mutane a jere gabansa, manya da ƙanana, kowa yana gyara fuska.

A cikin dukan waɗanda ya yanke wa hukuncin jijiya, babu kamar Gado, shugaban 'yan kabu-kabu na mahaɗar titin unguwar, masu ɗaukar mutane a moto, wato babur. Gado mutum ne mai faɗin ƙirji da muryar da ba ta san raɗa ba. Ranar da ya fara zuwa teburin, bai kashe moto ba, bai sauka ba, hayaƙi yana bugun nama. Ya danna oda, ya ce tsoho ya yanko masa yana sauri, ya miƙa kuɗi da hagu. A lokacin Inusa ko furfura bai fara ba. Tun daga ranar Gado bai sake cin abin kirki daga hannunsa ba, kuma hukuncin ya shafi duk wanda ke aje moto a tasharsa. Shi kuma Gado bai daina zuwa ba, don babu irin yajin a ko'ina. Sai dai yana ramawa da baki. Duk fasinjan da ya ɗauka sai ya ji cewa naman Inusa da shi suke ɗaure kaya a bayan moto in roba ta tsinke.

Haka aka yi ta tafiya har wani ɗan unguwar mai suna Abdulrazak ya dawo daga Yamai ya buɗe wurin gashi a ƙarshen titin, da akwatin gilashi, da sikeli mai lantarki, da mutardi, ɗan yajin nan na Turawa, a kwalba. Ba mugun mutum ba ne. Namansa dai iri ɗaya ne ga kowa, kamar allurar rigakafi. Biki biyu aka kai masa a cikin shekara guda. Inusa ya yi kamar bai ji ba, amma Maijidda ta lura ya fara wasa wuƙa da safe ba dalili.

A shekarar nan aka yi damina mai ƙarfi. Ruwa ya kwantar da ɗakunan ƙasa a gefen gari da wajen Tsibiri, iyalai da yawa suka koma kwana a azuzuwan lakwal, wato makarantar boko. Matan Zariya suka kafa komite, suka ce za a yi karmes, wato taron ci da sha da ake sayar wa tike, abin da aka tara a saya wa mutanen kwanon rufi da siminti. Alhaji Abdulmutallib, ɗan kasuwar hatsi, ya ba da bijimi. Aka tsayar cewa kowane tike ƙunshi ɗaya ne na gasasshen nama.

Mata biyu ke riƙe da komitin. Hajiya Balkisu mai sayar da atamfa ita ce shugaba, don ita ke da babban tsakar gida. Amma wadda ake tsoro ita ce Madam Dorkas, Bagobirar Tsibiri, kirista, tsohuwar malamar lakwal da ta koyar da rabin unguwar. Har 'yan kabu-kabu sukan rage murya in ta wuce, don da yawansu sun san nauyin hannunta.

Da Inusa ya ji Abdulrazak ya yi tayin gasawa kyauta, bai jira an kira shi ba. Ya sa hula ya tafi gidan Hajiya ya sami mata a kan tabarmi, ya ce aikinsa da itacensa da yajinsa duk sadaka ne. Aka yi masa godiya. Sai Madam Dorkas ta cire tabarau ta dube shi yadda take duban yaron da ya zo da farce bai yanke ba.

"Malam Inusa, wanga nama ba naka ba ne, kuma ba biki za a yi ba. Wanda ya sai tike ya riga ya yi nashi. Ƙunshin liman da ƙunshin mai gyaran taya ɗaya za su zama."

"Madam, bijimin nan tozonshi nawa?" in ji Inusa. "Ɗaya. Hanta ɗaya, ƙoda biyu. Wanda ya halicce shi ma bai raba daidai ba, sai ni?"

Ta ce a yayyanka tozon ƙanana a warwatsa, hantar ma haka, kowa ya sami ɗanɗano. Ta ce a ƙunshe komai tun a gida, a ɗaure, don kada a ga fuskar kowa. In kuwa ba zai iya ba, ya faɗa tun yanzu, akwai mai sikeli a ƙarshen titi. Hajiya Balkisu ta ƙara da cewa mata sun yi magana ɗaya: in aka sami ƙorafi a rabon nan, ba za a sake kiransa suna ko biki ba. Inusa ya san wannan ba barazanar banza ba ce. Maza suna zaton su ke zaɓen mai gashi a gidajensu, amma duk mahauci ya san daga cikin gida aike ke fitowa. Ya ce to. Ba a nemi ya rantse ba, shi ma bai yi tayi ba.

Da niyyar cika alkawari ya tafi gidan Alhaji ganin bijimin. Gaskiya ke nan, a ba shi wannan. Amma da ya ɗora hannu a kan tozon, sai zuciyarsa ta karye. Tozo ne irin wanda ya yi shekaru bai gani ba, ya cika har ya kwanta gefe guda. Ya tsaya yana shafa shi yana tunanin yadda za a daddatsa shi kamar tsakin kaji, a ce abin da zai shiga bakin Yaya Tsahara shi zai shiga bakin Gado. A kwanakin da suka biyo baya ya riƙa tambayar masu sayen nama, kamar hira, su wa da wa suka sayi tike. Ya ji mutanen Jiratawa za su cika mota su zo, har da yayarsa. Ya ji mutanen coci za su zo daga Tsibiri. Ya kuma ji 'yan kabu-kabu sun sayi tike da yawa, Gado a gaba, yana cewa zai zo ya ga ranar da tsoho zai yi adalci ko da bisa tilas.

Wannan maganar ita ta ƙarasa shi.

Ranar karmes aka yanka bijimi bayan sallar asuba. Inusa ya jera tano uku a ƙofar gidansa, hayaƙi ya tashi, ƙamshi ya hana unguwa aiki. Zuwa azahar nama ya yi yadda yake so, ya shige zaure da tire da tarin takardar siminti. Yawancin ƙunshin ya yi su tsakani da Allah, tsoka da ɗan kitse da albasa. Amma ya ware kashi biyu. Kashi na farko na mutanensa ne: tozo, hanta, ƙoda, da ƙirji mai maiƙo. Irin wannan nama in ya sha wuta yakan tsuke, ga shi yana tsiyayar da mai, don haka ƙunshin suka fito ƙanana, takarda ta jiƙe ta yi baƙi. Kashi na biyu na Gado ne da jama'arsa: jijiya, huhu, tantani, guringuntsi. Da ya dube su sai ya ga sun yi rama da yawa, Madam za ta gane daga nesa. Sai ya cika su da albasa da kabeji, ya ninka musu takarda biyu, ya ɗaure su tsaf. Suka fito manya-manya, fes, kamar tsarabar Makka. Na Gado kansa ya zaɓa masa jijiyar wuya, wadda ko kare sai ya yi shawara.

Maijidda ta leƙo ta ga abin da ake ciki. Ta ce tun da take da shi ba ta taɓa ganin ya ɓoye mugunta ba sai yau, kuma da gani bai iya ba. Ya ce ta koma ciki. A lissafinsa babu matsala, tunda shi zai tsaya bayan tebur ya miƙa wa kowa nasa, kamar yadda ya saba tun kafin a haifi rabin masu tike.

Bayan la'asar filin lakwal ya cika. An kafa rumfa, an jera kujeru, lasifika tana ta kuwwa. Aka shigo da daro-daro na nama, Inusa yana biye da su ya nannaɗe hannun riga. A bakin tebur Madam Dorkas ta tare shi da fara'a irin wadda bai taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce komite ya yanke shawarar karrama shi, yau ba zai tsaya a rana ba, an aje masa kujera a cikin manyan baƙi. Ya ce nama yana bukatarsa. Ta ce nama ya gama bukatarsa. Nan take mai lasifika ya kira sunansa, jama'a suka yi tafi, aka kai shi aka dasa tsakanin Alhaji Abdulmutallib da liman, aka damƙa masa lemo mai sanyi.

Wadda ta tsaya bayan tebur ita ce Hajiya Balkisu, wadda ta fi kowa gyaɗa kai ranar da ake maganar adalci. Hajiya ta yi shekaru tana sayar da atamfa, idonta ba ya kuskuren babba da ƙarami. Tana duba daro ta ga wasu ƙunshi sun fi wasu cika da tsabta. Ta tsince manyan ta jera a faranti, ta aika da su rumfa: na Alhaji mai bijimi, na liman, na fasto, na mai unguwa, da na tsofaffin Jiratawa, tunda baƙi ne. Mafi girma duka ta ce a kai wa Tsahara, yayar mai gashi. Ƙananan masu maiƙo kuwa ta tura su ƙarshen tebur, ta ce na 'yan moto ne, su da hannunsu bai rabuwa da baƙin mai.

Daga kujerarsa Inusa yana ganin komai. Ya yunƙura zai tashi, Alhaji ya dafa masa gwiwa ya ci gaba da ba shi labarin yadda gero ya yi a kasuwannin ƙauye. Ya yi tari. Ya cire hula ya kaɗa wa Hajiya, ita ma ta ɗaga masa hannu tana murmushi. Ya ga farantin yana tahowa a kan wata mata, yana gane kowane ƙunshi da ɗaurinsa, kamar uba yana kallon 'ya'yansa suna shiga motar da ba tasu ba. Lemon ya ɗumame a hannunsa bai kurɓa ba.

Alhaji ne ya fara buɗewa. Ya kawar da albasa, ya sami kabeji. Ya kawar da kabeji, ya sami albasa. Can ƙasa ya tono wani abu fari mai sheƙi, ya juya shi a haske, sannan ya tambayi Inusa a hankali ko bijimin ya yi rashin lafiya ne bayan ya bar gidansa. Liman ya buɗe nasa. Ya sa loma ɗaya a baki ya yi ta tauna cikin natsuwa, idonsa a sama, har aka gama jawabin mai unguwa, sannan ya juya gefe ya fito da hankici. Fasto ya leƙa nasa, ya mayar ya ɗaure, ya ce zai kai wa yara. A layin mata, Tsahara da haƙoranta uku ta ɗaga jijiyar wuya sama tana dubawa, sannan ta juyo ta nemo ƙanenta da ido. Inusa ya sunkuyar da kai yana karanta rubutun kwalbar lemo, shi da bai yi lakwal ba.

A can ƙarshen fili, inda aka jera motoci masu ƙafa biyu, hayaniya ta mutu. Wannan shirun ya fi komai tayar wa Inusa hankali, don 'yan kabu-kabu ba sa shiru sai in baki ya cika. Gado ya buɗe ɗan ƙunshinsa mai maiƙo ya tarar da tsakiyar tozo, an yanka shi fale-fale, da ƙoda a gefe, abin da aka shirya wa tsohuwa marar haƙori. Ya shinshina, don bai yarda ba. Ya sa ɗaya a baki. Waɗanda ke kusa sun ce sai da ya nemi wuri ya zauna a ƙasa.

Da ya gama ya lashe takarda, ya miƙe ya ratso filin gaba ɗaya, mutane suna darewa don sun zaci faɗa ne. Ya iso rumfa, ya cire hula, ya durƙusa gaban Inusa, ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi Maijidda da yara har da na Agadas.

"Baba Inusa, ni ne mai laifi tun farko," in ji shi, da muryarsa da duk rumfa ke ji. "Na ga saƙo, kuma na gane. Babba babba ne."

Inusa ya aje kwalbar lemo. Da ƙyar ya ce ba komai.

A gidansa Tsahara ta kwana. Da safe ta fito ta same shi a tsakar gida, ta kwance bakin zane ta aje masa jijiyar a kan tabarma. Ba ta tambaye shi me ya sa ya yi mata haka ba, don ta san ƙanenta. Ta ce ne, "Wa ka yi wa wannan?" Ya faɗa mata. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Maijidda ta kawo ruwa. Da ta dawo hayyacinta ta ce masa ya kusa saba'in amma har yanzu ba a barin shi shi kaɗai a ɗaki da nama.

Karmes ya yi kyau, an sayi kwano, an sayi siminti. Amma manyan da suka ci albasa, ko da yake ba su yi magana a fili ba, sun yi a gida, matansu kuma suka kawo ta komite. Ranar Laraba aka kira Inusa gidan Hajiya. Ya tafi ya san abin da zai tarar. Madam Dorkas ta ce rabo bai yi daidai ba, kuma kowa ya san sharaɗin da aka yi. Hajiya Balkisu ta fi kowa zafi, don matar Alhaji babbar mai sayen atamfarta ce. Ta ce an kunyata unguwa gaban baƙi, a aika wa Abdulrazak tun yau, akwai suna ranar Asabar. Inusa yana tsugune a bakin zaure bai kare kansa ba. Abin da zai faɗa ya fi abin da ake zarginsa muni.

Sai aka ji motsi a waje, ba ƙarar inji ba, ƙarar tayoyi a kan yashi. 'Yan kabu-kabu ne suka kashe motocinsu tun daga bakin titi suka turo su da hannu, don girmamawa, abin da ba a taɓa gani ba a Zariya. Gado ya yi sallama daga ƙofa, ya gaida iyaye mata, ya gaida Madam sau biyu. Ya ce labari ya iso tasha cewa za a karɓe wuƙa daga hannun Baba saboda rana ɗaya ya ba talaka tozo. Ya ce shi bai yi nisa a karatu ba, Madam shaida ce, amma a ganinsa gidauniyar da aka yi don waɗanda ɗaki ya faɗa wa, ba abin kunya ba ne in mai bene ya ci albasa. Ya ce duk shekarun nan yana zagin tsohon nan a gari, ashe bai san shi ba. Sannan ya faɗi abin da ya kawo su: in aka kai gashin unguwa wani wuri, to matan Zariya su fara koyon tafiya kasuwa a ƙasa, da kulolinsu a ka.

Mata suka dubi juna. Babu wadda ba ta hawa moto a cikinsu.

Madam Dorkas ta daɗe tana goge tabarau. Sannan ta juya wajen shugaba.

"Hajiya, abu ɗaya ne ban gane ba. Ƙunshin nan a ɗaure suka zo, mai gashi kuma ni na zaunar da shi a rumfa. To, yaya aka yi manyan duka suka san hanyar rumfa da kansu?"

Hajiya Balkisu ta gyara gyale. Ta ce ita dai a ganinta abin da ya wuce ya wuce, musulmi da kirista duk an san haƙuri, kuma Malam Inusa dattijo ne. Sunan Asabar shi ya gasa.

Madam ba ta ruɗu ba. A hanyar fita ta rage tafiya har ya iso ta, ta ce masa ta yi shekara talatin tana kama yara da ƙarya, ta san albasar nan ba don manya aka zuba ta ba. Ta ce daga yau duk gidauniyar da za a yi, a gefensa za ta zauna da kujerarta har ya ɗaure ƙunshin ƙarshe. Haka kuwa aka yi, sau biyu, kuma a duka biyun ya ce naman bai yi daɗi ba.

Wuƙa ta zauna a hannunsa, amma ya biya. Kullum da yamma Gado zai kashe moto daga nesa, ya tako, ya yi sallama, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Bisa dokar da Inusa ya kafa da bakinsa, irin wannan mutum tsoka ake ba shi, kuma jama'a suna tsaye suna kallo. Sai ya yanka, fuska a murtuke, kamar daga cinyarsa yake cirewa. Gado ya fara kawo masa itacen marke daga hanyar Jiratawa ba ya karɓar ko sisi. Ranar Juma'a ya zo ya ɗauke shi zuwa masallaci. Fasinjoji kuwa labari ya canza musu, yanzu abin da suke ji shi ne a duk Maraɗi babu mai zuciyar Baba Inusa. Maijidda ta ce a shekarun nan mijinta ya yi ƙiba a jiki, amma kullum ya dawo gida sai ya yi tsaki kafin ya cire takalmi.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, Gado ne ke kai shi likita yana dawo da shi, yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Wata ranar Lahadi da hantsi aka yi dace, Tsahara ta zo daga Jiratawa, Madam Dorkas ta biyo daga coci, Hajiya Balkisu ta shigo da kwanon kunu, Maijidda tana bakin gado. Su huɗun nan su kaɗai suka san yadda aka yi, don Madam ta daɗe da raɗa wa Hajiya. Gado yana waje a gindin katanga yana jiran ko za a aike shi. Inusa ya sa aka saki labule, ya yafito su da hannu su matso. Hajiya ta fara share ido, ta zaci wasiyya ce ta gida da yara.

"Ina sa ran tashi, akwai layya gaba," in ji shi. "Saboda haka muddin ina numfashi ku rufa mini asiri, in mutumin can ya ji, wuƙa ta tafi. Amma ranar da aka kai ni aka dawo, wata cikinku ta sa a kira shi gefe, ta gaya mishi tozon nan na Yaya ne, nashi jijiyar wuya ce. Ku faɗa mishi dalla-dalla, don ba shi da saurin ganewa. Kada a bar shi yana yawo da mutane a gari yana ɓata mini suna."